Jatau da Tocilar da Ba Ta Ɓarewa

Jatau ƙanin matata ne. Gidansa na bayan nawa, shi da matarsa Tambai da tumaki uku. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, ban taɓa samun mai bin umarni kamarsa ba.

Na sayi 'yar tocilar aljihu wurin Nomau mai kayan lantarki. Ya rantse cewa abin da aka shafe jikinta da shi ba fenti ba ne, irin na tangaran ne, ba ya ɓarewa. Cikin kwana tara makullaina suka zane ta. Na ƙudura sai ya canza mini ita. Amma ni ba na kai ƙara babu hujja.

Wata rana na ba Jatau tocilar, na ce ya sa ta a aljihu tare da makullai, kada ta fito sai bayan kwana uku, don in sami shaida na biyu. Washegari Tambai ta nemi rigar za ta wanke. Ya tuɓe ya ba ta, ya tsaya gadi kada ta taɓa aljihun. Haka ta jiƙa, ta cuɗa, ta matse, ta shanya. Kwana biyu tocilar tana ɗigar ruwan sabulu.

Wata rana kuma na ce ya sa alama duk inda ya ga zane a jikinta. Ya ɗauko ƙusa ya kewaye kowane zane da da'ira. Sai ya lura da'irar ma zane ce, ya kewaye ta. Ko da na leƙo, tocilar ta koma kamar ƙwaryar ado. Na yi faɗa har matata ta fito. Shi kuwa ya tambaye ni ko ya tsallake wani wuri ne.

Wata rana, ranar kasuwa, na tasa shi gaba sai rumfar Nomau. Nomau ya jujjuya tocilar, ya ce wannan aikin ganganci ne, ba zai karɓa ba. Hujjata ta lalace, na sani. Ya ɗaga murya don masu ciniki su ji.

"Malam, tocilata ko a dutse aka goga ta, ba abin da zai same ta. Kowa ya gwada."

Ya daɗe yana faɗin haka, ba wanda ya taɓa gwadawa. Jatau ya ce to. Kafin mu ankara ya kwashi na kan tebur, ya tsuguna gaban dutsen da mahauci ke wasa wuƙa, yana goga su ɗaya bayan ɗaya. Goma sha ɗaya suka ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ta goma sha biyu ko gezau.

Nomau ya ce dillali ne ya cakuɗa masa da jabu. Ya miƙo mini ta ƙwarai a gaban jama'a.

Ban gamsu ba. Har yau ina jiran takardar neman afuwa, mai sa hannu da kwanan wata. A hanyar gida Jatau ya ja hannun rigata.

"Yaya Malam, cewa ya yi kowa ya gwada. Kai fa ba ka gwada ba."

Na tura tocilar can ƙasan aljihu, na saya masa tsire.