Yadda Za Ka Karanta Tiyata Ba Tare da Ka Taɓa Wuƙa Ba

Kai da jami'a ta ƙi, kwaleji ta tausaya maka ta jefa ka sashen wasan kwaikwayo, yanzu kana zullumin abin da tsohonka zai ce: share hawayenka. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari za ka gama kwalejin, jami'a ta ɗauke ka aji biyu kai tsaye, a gida kuwa Dokta za a riƙa kiranka. Na gwada su a kan Hadi, ɗan Malam Bappayo mai shanu a bayan Orozo, kuma sun yi aiki. Kusan dukkansu.

1. Kada ka yi ƙarya

Ƙarya aikin marasa ilimi ce. Turawa sun riga sun yi maka gata, domin a bakinsu sunan sashenku Tiyata. Idan Baba ya tambaya, ce masa, "Tiyata nake karanta," ka ja bakinka ka yi shiru. Kunnensa zai ƙarasa sauran. Ranar da Hadi ya faɗi haka rago ya rasa ransa, kafin la'asar kuma har kasuwar Mararaba an ji cewa ɗan Bappayo zai fara tsaga mutane.

2. Ba da labarin makaranta, amma a taƙaice

Idan an ce yaya karatu, yi ajiyar zuciya ka ce yau wani ya mutu a hannunka, amma daga baya ya tashi. Ai haka aka yi a kan dandamali. Jan fentin da ya ɓata maka riga kuma kada ka wanke shi, kawo wa Inna ta gani da idonta.

3. Ari farar riga

Tana nan a ɗakin kayan wasa, kusa da gemun roba. Sai dai ka sani, daga ranar da ka sa ta maƙwabta za su fara sallama. Maman Naomi za ta kawo gwiwarta. Kalli gwiwar, kalli sama, ka ce "Hmm", sannan ka shaida mata ba ku kai gwiwa ba tukuna, gwiwa sai a jami'a.

4. Jingina komai ga jami'a

Ciwon kai, jami'a. Tari, jami'a. Kwaleji share fage ce kawai, kowa zai yi haƙuri.

A nan ne aka ɗan samu tangarɗa. Da sunan Hadi ya fito cikin waɗanda jami'a ta ɗauka, ya rugo gida da albishir, sai ya tarar da tsohon a durƙushe bayan garke, dafe da mara, gumi na zuba. Ashe ƙaba ce ta daɗe tana cinsa. Inna Asta ta ce ta yi magiya har ta gaji, ya ƙi asibiti.

"Ni ba ta zuwa wurin baƙo," in ji Malam Bappayo. "Yarona ta shiga jami'a, shi ne zai tsaga ni."

5. Yi wasan da ba ka taɓa yi ba

Sa farar rigar, murtuke fuska, ka aro muryar da malaminku ya koya maka don ta isa kujerar baya a zauren wasa. Hadi ya tsaya a kan ubansa ya ce dokar likitoci ta hana ɗa ya sa wa mahaifinsa wuƙa, kuma idan ba a tafi asibiti yau ba za a kore shi daga makaranta. Tsohon da ya ƙi tashi don kansa ya tashi don kada a kori ɗansa.

6. Kada ka bi shi ciki

Tsaya a bakin ƙofar asibitin wurin masu sayar da lemo. Hadi bai ji wannan ba, ya shiga. An yi aiki lafiya, tsohon ya farfaɗo, abu na farko da ya yi shi ne nuna wa Dokta Hannah, wadda ta yi masa aikin, ɗansa a matsayin abokin aikinta. Ta dubi Hadi, ta dubi rigar da har yanzu hodar kwalliya ke wuyanta.

"Oga, wace tiyatar?" ta ce. "Tamu, ko ta masu drama?"

Da ya tuna darasina da ya ce "Hmm". Maimakon haka ya cire rigar, ya durƙusa gaban gadon ya faɗi komai.

"Ni ban ce dole ka zama likita ba," in ji Malam Bappayo a hankali. "Amma tun damina nake riƙe maka ciwon nan, don kada ka rasa wanda za ka fara da shi."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, ba kuma lauya ba. Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da Allah da iyayenka. Idan naka tsohon ya faɗa maka irin wannan magana, kada ka neme ni. Na duba iya dubawata, ban sami mataki na bakwai ba.