Rasuwar Gwaggo, Motar da Na Toshe wa Baki da Salatif

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da 'yar kunyar da za ku ji dalilinta a ƙasa, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motata, wadda yara ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a tsakiyar shataletale, tana da shekara goma sha tara a duniya, takwas daga ciki a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki buhuna, ta ɗauki surukai, ta taɓa ɗaukar firij a ka ba ta ce uffan ba. Da safe sai ta yi tari biyu, kyar-kyar, sannan ta kama, gir-gir-gir, har maƙwabci ya san lokacin tashin yaransa ya yi.

Amma babban halinta shi ne faɗin gaskiya. Duk sanda na murɗa makulli rabi, kafin inji ya tashi, sai ƙananan fitilun da ke bayan sitiyari su kama gaba ɗaya, ja da ruwan ɗorawa, kamar 'yan aji ana kiran suna. Na daɗe ina zaton ado ne. Bakanikenmu ya fahimtar da ni cewa kowacce nunawa take tana da rai. Inji na tashi, famfo ya tura baƙin mai ko'ina a cikinsa, sai jar fitila mai siffar buta ta mutu. Abin caji ya fara ciyar da batir, sai mai hoton batir ta bi bayanta. Da haka Gwaggo ke shaida cewa injinta na aiki lafiya. Wadda ta ƙi mutuwa bayan nan kuwa, ƙorafi ta kawo.

"Mai ruwan ɗorawa cewa take ka leƙo gareji in ka samu sarari," in ji shi. "Ja kuwa, maigida, ko ɗaurin aurenka za ka, nemi gefe ka kashe."

Jinyar ta soma wata biyu da suka wuce. Butar nan ta fara ƙyafta ido duk sanda na sha kwana. Uwargida, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara gani.

"Baban yara, a wurin aikinmu in ja ta kama, ba a tsayawa gaisuwa."

Na tuna mata cewa na fi shekara ashirin ina tuƙi. Washegari ta sake faɗa, jibi ma haka. Da abin ya ishe ni, ranar Asabar na ce na tafi gareji. Na je kuwa, Allah shaida, amma na tarar da motoci biyar a layi, ga rana, ga abokai na jira a majalisa. Sai na biya shagon mai kayan wuta na sayi baƙin salatif, na yanki daidai farcen babban yatsa, na manna a kan butar. Nan take Gwaggo ta warke.

"An gyara?" in ji uwargida da na dawo.

"An gyara."

"Kai, bakaniken nan yana da hannu. Ka gaishe min da shi."

Mako biyar muka yi cikin zaman lafiyar da ban taɓa gani ba. Ranar Talata ina kai uwargida aiki, marigayiya ta fara wani sauti daga ƙirji, ƙwas-ƙwas-ƙwas. A matsayina na tsohon direba, na ƙara muryar rediyo. Kalmarta ta ƙarshe ita ce gau, daga nan shiru.

Bakanike ya zo ya zaro ƙarfen gwada mai, ya same shi a bushe ƙamas. Ya ce inji ya buga. Uwargida ta dube shi.

"Ba kai ka gyara ta kwanan baya ba?"

"Ni, ranki ya daɗe? Rabona da motar nan tun ina da haƙorin gaba."

Ya leƙa bayan sitiyari, ya sa farce ya ɓare salatif, ya murɗa makulli rabi. Ga butar nan ja zur, lafiyarta ƙalau. Allah kaɗai ya san kwana nawa baiwar Allah ta yi tana ihu a ƙarƙashinsa. Da ƙasa za ta tsage a wurin, da na shige.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, biyu sun yi sanƙo, da safaya wadda rabonta da iska tun zamanin mai motar na farko. Ta bar batir da ransa, da rediyo, wanda ake zargin da hannunsa a ciki. Ta kuma bar ni, ina tsaye a bakin titi kullum ina ɗaga wa motocin haya hannu. Ina kewarta ƙwarai, kuma na san ni na kashe ta.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma, daga gareji zuwa filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ana roƙon masu ƙarfin turi su zo da takalmin ƙwarai.

Ana karɓar gaisuwa a kan bencin ƙofar gida, ban da falo. Tun ranar Talata uwargida ba ta ce da ni ƙala ba. Tana ajiye min abinci, tana goge min kaya, guntun salatif ɗin kuma ta manna shi a madubin ɗaki daidai inda fuskata ke fitowa. Maƙwabci ya ce in gode Allah tunda ba ta yi faɗa ba. Da can da na yarda da shi, amma yanzu na san rashin ganin ja ba lafiya ba ne. Saboda haka duk wanda ya san tana jin maganarsa, musamman yayarta, don Allah kada ya jira Asabar, ya zo yau. Wannan karon na nemi gefe na kashe.