Zuciyar Yayata Ta Shiga Mujalla

Talatar da ta wuce muka cika zuwa talatin da ɗaya sashen hoton zuciya na asibiti, ni da yayata, kuma ina farin cikin shaida wa masu karatu cewa an samu ci gaba: an yi wa bencin jira sabon fenti. Ba a dai rubuta cewa bai bushe ba. Duk wanda ya gan ni a hanya ran nan da layi uku kore a bayan riga, ya sani ba sabon ɗinki na fito da shi ba, aikin hukuma ne.

Yaya ita ta goye ni. Shekarunta hamsin da takwas, kitso take yi, kuma kafin bara ban taɓa jin ta ce wash ba. Sai numfashi ya fara yi mata gardama, ƙafafu suka kumbura, ta kai ko tsakar gida ta share sai ta zauna ta huta. Likitan da ya fara duba ta ya ce yana zargin ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarta ba ta buɗewa yadda ya kamata, kuma in haka ne aiki za a yi mata. Amma likitan tiyata ba zai taɓa ta ba sai ya ga sakamakon hoto, da sa hannun shugaban sashe da hatiminsa. Takarda ɗaya ke nan, shafi ɗaya. Ita muke bi yau wata takwas.

Hoton kam an ɗauka, ba zan yi musu ƙarya ba. Wata likita siririya mai gilashi ce ta ɗauka, wadda mutanen benci suka sa wa suna Dakta Sannu, don ita kaɗai ke furta kalmar a ginin. Ta shafa wa Yaya wani mai mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'ura, sai ga zuciyar a allo tana motsi. Dakta ta ajiye na'urar. Ta fita ta kira wani likita, shi ma ya kira wani, kafin ka ce me mutum takwas sun yi cincirindo a gaban allon, har ɗaya yana cewa, "Kai, masha Allah!" Ni kuwa wawa sai na ji kaina ya yi girma. Na zaci yabon lafiyarta ake yi.

Aka ce mu dawo Talata.

Wanda bai taɓa zama a bencin nan ba bai san irin alherin da aka tanadar wa mai jira ba. A bangon da ke fuskantarka akwai ƙaton hoton shugaban sashen, Mai Girma Farfesa, Uban Zukata, Garkuwan Jijiyoyi, ya naɗe hannu a ƙirji. A ƙarƙashinsa allo ne mai lambobi biyu. Na farko: takardun bincike da ya wallafa, ɗari biyu da goma sha huɗu. Na biyu: ambato, dubu uku da ɗari tara da shida. Ambato, ga wanda bai sani ba kamar yadda ni ma da ban sani ba, shi ne sau nawa wasu masana suka kawo sunan takardarsa a cikin tasu. Duk Talata masinja yakan hau kujera ya sauya lambar, yadda ake sauya farashi a gidan mai, kuma kamar can ɗin, ba ta taɓa yin ƙasa ba. Ban taɓa ganin Farfesa ido da ido ba, amma na haddace shi.

Sakatariyarsa mace ce mai tsari, ba ta maimaita amsa sau biyu a jere. Wannan makon Oga yana taro, na gaba Oga ya tafi ƙasar waje gabatar da takarda, na gaba Oga ya dawo amma yana hutun gajiyar tafiya. Ban damu ba da farko, don na san babban mutum ba ya rasa uzuri. Abin da ya fara ci mini rai shi ne, waɗanda suka zo bayanmu mako guda suke yi su karɓi takardarsu su tafi.

Na kai kukana wurin maƙwabcina, wanda muke kira Ritaya. Shekara talatin ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, don haka a layinmu shi ne masani.

Ya ce, "Tela, mutum nawa ka ce sun taru a kan hoton?"

Na ce, "Takwas."

Ya girgiza kai. "Ayya. Da mutum ɗaya ne ya duba ya yi hamma, da tuni kun gama. Zuciyar yayarka ta burge su, shi ne matsalar."

"Yanzu burgewa laifi ce?"

"Ba laifi ba ce, takarda ce. Ciwon da kowa ke yi, a sa hannu a sallame shi. Wanda ba a saba gani ba kuwa ajiye shi ake yi har a rubuta a buga. In suka ba ku sakamako kuka kai wani wuri, wani likitan ya riga su rubutawa, wa za a ambata?"

Na ce masa sharri yake yi wa masu ilimi. Ni tela ne, na san sana'a. In mutum ya kawo mini yadi mai kyau, ba na riƙe rigarsa wata takwas don teloli su zo su yaba aljihun. Ritaya ya ce ai shi ya sa ba a rataye hotona a bango ba.

A zuwa na ashirin da tara, Dakta Sannu ta tsaya a gabanmu da tarin fayil a hannu. Ta dubi ƙafafun Yaya, ta daɗe tana duba. Sannan ta ce in biyo ta. A bayan ƙofa ta miƙo mini shafi huɗu da ta buga daga kwamfuta, ta ce, "Baba, sakamako ba ni da ikon ba ku, sai ya sa hannu. Na rubuta shi tun ranar, yana kan teburinsa. Amma wannan kowa a duniya yana iya karantawa, don haka ku ma kuna iya."

Takardar bincike ce, da Turanci, an buga a wata mujallar likitocin zuciya. Marubuta tara. Sunan Farfesa ne a farko, na Dakta Sannu na bakwai, bayan wani da ta ce mini ƙanin matar shugaban asibiti ne kuma likitan haƙori. A shafi na biyu ga zuciyar Yaya, hoto huɗu, da kibiyoyi farare suna nuna inda abin ya lalace. Wallahi ta yi kyau. Dakta ta ce cikin wata uku an ambaci takardar sau goma sha bakwai, kuma sha ɗaya daga ciki Farfesa ne ya ambaci kansa, abin da ni a ganina ke nuna mutum ne da ba ya jiran a yi masa aiki.

Na kai wa likitan tiyata da gudu. Ya karanta a tsaye, ya ce aiki ne mai kyau, shi ma zai ambata. Amma takardar ta ce "wata mata mai shekara hamsin da takwas", babu suna, babu lambar kati, kuma shi ba zai tsaga ƙirjin mutum a kan "wata mata" ba. Gaskiyarsa ne, ban ja ba. Har na juya sai ya ce, "Dakata. Ka ce tana nan? Ai nan an rubuta ba ta dawo ba."

Ya nuna mini layi na ƙarshe, ya fassara mini sannu a hankali. An ba majiyyaciyar shawarar yin aiki cikin gaggawa, amma abin takaici ba ta sake dawowa asibiti ba, kamar yadda aka saba gani ga marasa ilimi a irin wuraren nan.

Na sha jin zagi a rayuwata, amma ban taɓa jin wanda aka buga da kibiyoyi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa hawa mota, na taka da ƙafa zuwa gida.

Yaya tana zaune an jera mata matasai uku a baya, don yanzu ba ta iya kwanciya miƙe. Ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa, ta ce, "Wannan ce tawa?" Na ce ita ce. Ta ce, "Ashe ƙarama ce." Da na gaya mata layin ƙarshe ba ta yi fushi ba, ta dai tambaye ni, "Auta, su goma sha bakwai ɗin nan da suka karanta, akwai wanda ya tambaya ko na ji sauƙi?" Na ce shida ne kawai baƙi, Yaya, kuma suna da nisa.

To, Talatar fenti na shiga ofishin Sakatariya da takardar a hannu da kore a baya. Na ce, "Ranki ya daɗe, ga matar da ba ta dawo ba, tana waje."

Ta duba kwamfuta, ta ce lallai an rufe fayil ɗin, tunda majiyyaciyar ta daina zuwa. Na ce sau talatin da ɗaya muka zo, kuma ita da kanta take korar mu. Ta ce zuwa wurinta ba zuwa asibiti ba ne, zuwa wurinta ne. Na ce to a gyara. Ta dube ni ta saman gilashi kamar na ce a rushe ginin. Gyara, in ji ta, yana nufin a rubuta wa mujalla cewa Oga ya yi kuskure, a shekarar da ake duba sunansa don lambar yabo. Ta ce in ji tsoron Allah.

Amma kada ku ce ba su da tausayi, don ta samo mana mafita. Za a buɗe wa Yaya sabon fayil a matsayin sabuwar majiyyaciya, a sake ɗaukar hoto daga farko. Ta ba mu rana, wata biyar masu zuwa. Har ta ƙara da albishir: ta yi wa Oga waya a gabana, kuma ya ji daɗi ƙwarai, ya ce shi da kansa zai zo ranar. Wai a duk duniya ba a cika samun hoton irin wannan zuciyar ba bayan ta yi shekara guda babu magani.

Na fito na gaya wa Yaya. Ta kama hannuna ta miƙe a hankali, muka tsaya sau uku kafin mu kai bakin ƙofa. Ni dai roƙona ga Mai Girma ɗaya ne: in takarda ta biyu ta fito, a taimaka a rubuta cewa ta dawo.