Mushe Gado Mai Gilashi Huɗu

Duk Sabon Garin Maraɗi babu mai ɗaukar hoto irin Mushe Gado, kuma ba a wahalar neman shaida, don kullum shi da bakinsa yake faɗa. 'Yan kabu-kabu Injiniya suke ce masa, shi kuwa sai ya amsa da ɗaga gira ɗaya, don ɗaga biyu almubazzaranci ne.

Bara ya sayo wa kamararsa sabon ido, dogo kamar taɓarya, mai tsadar da ko shi sai ya dafe ƙirji in zai faɗe ta. Tun ranar hankalinsa bai sake kwanciya ba. Ƙuda ya gifta, gabansa ya faɗi. Sai ya ɗaura wa idon gilashin kariya, wanda yake kira filtir. Da ya tuna shi ma filtir ɗin ba tsintarsa ya yi ba, ya ɗaura wani ya tsare shi. To na biyun fa, maraya ne? Haka aka kai huɗu. Na wajen ko ledar kamfani bai ɓare masa ba. Don me zai ɓare? Ai wanda ya sayi sabon moto a Maraɗi shekara yake yi da leda a sirdi, kada maƙwabta su zaci na hannu ne.

Abokan sana'a sun ce masa gilashi ɗaya mai kyau ya isa. Ya dube su da tausayi ya ce, "Ku da ke aiki da gindin kwalba, mi kuka sani ga kalite, aiki mai inganci?"

Ana nan sai Yunice, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Tibiri, ta zo neman gwani. Mahaifinta Baba Yo'el ya haura tamanin bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Yanzu 'ya'yansa sun haɗu daga Yamai, Damagaram da Agadas, da ƙyar aka lallaɓa shi ya yarda: ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a, ɗauka ɗaya tak. Litinin kowa zai kama hanya.

Injiniya ya iso yana riƙe wa kamara laima, shi yana cikin rana. Ya sa aka sauke kaskon suya don tsartsin mai. Ya tura wani mai tari layin baya. Ya ja da baya har sai da ya jingina da rumbu, sannan ƙyas! Baba Yo'el ya miƙe ya shige ɗaki abinsa.

Yunice ta ce a nuna mata ta gani. Mushe Gado ya rungume kamara ya ce, "Madam, ba a leƙa aikin manya tun bai nuna ba."

Ranar Laraba ya kawo hoton cikin firam mai ruwan zinariya. Wayyo! Kamar ta cikin kofin koko aka leƙa su. Tsakiya fari fat, gefuna baƙi ƙirin, yayyenta biyu da ke tsaye a bakin layi duhu ya haɗiye su har takalmi. Yunice ta nemi fuskar ubanta ta rasa. Ta kawar da kai cikin baƙin ciki, don ta san tsohon ba zai sake zama ba, 'yan'uwa kuma sun riga sun watse.

"Wannan shi ne salon Turai," in ji Injiniya. "Kuma ki duba idon kamarata, ko ƙwarzane babu!"

Baba Yo'el ya miƙo hannu ya karɓi hoton. Ya kai shi kusa da hanci, ya miƙa shi nesa, ya juya shi ta fuskar rana. Sai ya yi murmushi.

"Madalla, yaro. Shekara shidda ina gaya musu haka nike ganinsu, ba wanda ya yarda sai kai."

Mushe Gado ya gyara wuyan riga, ya ɗaga gira har biyu.

Tsohon ya juya wajen ɗiyarsa. "Yunice, ran Alhamis da za ki kai ni likita su cire mini yanar ido, ki taho da shi. Bawan Allah, yanar tashi ta fi tawa kauri."