Yadda Ake Tabbatar da Labari Ba Tare da An Tambayi Mai Shi Ba

Ɗan'uwa, gyara zama, kada ka damu idan wannan ne karonka na farko. Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, kuma ina yi maka alkawari: in ka bi matakan nan a tsanake, duk jita-jitar da ka ɗauka da safe za ta zama gaskiya kafin a kaɗa ƙararrawar tashi. Misalinmu abokin aikina ne, malamin tarihi, wanda muke kira Tabbas saboda kalmar ba ta barin bakinsa. Shekara goma sha ɗaya yana jiran kujerar mataimakin shugaban makaranta, kuma ya haƙiƙance Shugaba ne ya tare masa hanya.

Mataki na 1: Nemi abin da ido ya gani

Kada ka ƙaga ƙarya, wannan aikin marasa tarbiyya ne. Ɗan abu kaɗan ya ishe ka. Ranar Litinin mai gadi ya gaya wa Tabbas cewa ya kai wa Shugaba wani ambulan mai hatimin ofishin ilimi, kuma da Shugaba ya buɗe sai ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon silin. Ambulan ɗaya, shiru ɗaya. Sauran aikinka ne.

Mataki na 2: Zaɓi ma'anar da ranka ke so

Ambulan yana iya ɗauko jadawalin jarrabawa, ko sanarwar zuwan masu duba makarantu. Kada ka wahalar da kanka da lissafa su. Tambayi zuciyarka wanne zai fi yi mata daɗi. Tabbas bai kai ga teburinsa ba sai da ya gano cewa an yi wa Shugaba canjin wurin aiki.

Mataki na 3: Saki labarin, ka jira ya zagayo

Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, don haka ka karanta shi sau biyu. Labari ba ya tabbata sai an ji shi daga baki biyu, kuma babu dokar da ta ce bakin farko ba zai zama naka ba.

Tabbas ya samu malamar kimiyya tana jiran ruwan zafi ya tafasa a ɗakin malamai. Ya rage murya.

"Malama, kada ki ce daga bakina kika ji. Mutuminki ya kusa naɗe tabarmarsa."

"Kai, Malam! Da gaske?"

"Ban ce komai ba."

Ita ta gaya wa malamin wasanni, shi kuma ya gaya wa direban motar makaranta. Ranar Laraba mai gadi ya tare Tabbas tun bai kashe babur ba.

"Malam, ka ji an ɗauke Shugaba? Wai wani ƙauye ne, ko wutar lantarki babu."

"Na ɗan ji ƙishin-ƙishin. Wa ya gaya maka?"

"Ai kowa ya sani."

Ka lura da kyau: labarin ya fita shi kaɗai, ya dawo da ƙauye da rashin wuta. Labarin da ya yi ƙiba a hanya, alama ce yana da lafiya.

Mataki na 4: Guji mai labarin

Daga ɗakin malamai zuwa ofishin Shugaba taku goma sha huɗu ne. Kada ka yi ko ɗaya. Na ce wa Tabbas, "Malam, mu leƙa mu tambaye shi mana." Ya dube ni da tausayi.

"Haba Malam, wa zai yarda an ɗauke shi? In ya musa, ai shi ne babban tabbacin."

Mai labari shi ne ya fi kowa iya ɓata labari. Daga nan kuma ka daina cewa "na ji". Ka riƙa cewa "an tabbatar", ka ɗan gyaɗa kai, ka ci gaba da makin littattafan ɗalibai.

Mataki na 5: Yi aiki da shi a gaban jama'a

Gaskiyar da ba a yi aiki da ita ba, asara ce. Ranar Alhamis ana tsakiyar taron malamai Tabbas ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, tunda dai tafiya za ka yi, bari a gaya maka gaskiya ko za ta amfane ka a can. Taronka ya cika tsawo. Kana kulle alli a durowa kamar zinariya. Duk makarantar nan fankar ofishinka ce kaɗai ke juyawa. Kuma shekara goma sha ɗaya kana zaune a kan ci gabana."

Malamar kimiyya ta duƙufa neman wani abu a jakarta. Shugaba ya sauke tabarau.

"Tafiya ina, Malam?"

"An tabbatar, ranka ya daɗe."

Shugaba ya zaro ambulan daga ƙarƙashin rajista, ya fito da takarda ɗaya. An nemi ya rubuta sunan malamin da yake so a ba kujerar mataimaki. Kallon silin da ya yi ranar Litinin, tunani ne. Ina kusa da shi, na ga sunan da ya rubuta da fensir. Na Tabbas ne.

Shugaba ya laluba aljihu, ya duba kan tebur, sannan ya ɗago a hankali.

"Malam, kana da kilina?"

Tabbas malami ne mai tsari, ba ya fita sai da kayan aikinsa. Ya miƙa masa, Shugaba ya goge sunan.

Togaciya

Na yi alkawarin labarinka zai tabbata a bakin mutane, ban ce zai tabbata a cikin ambulan ba. Don haka babu hannuna a duk kujerar da ta suɓuce, ko gaisuwar da aka daina amsawa, ko ƙarin aji biyu da za ka tarar a jadawalinka. Tabbas yana nan lafiya, ya gaishe ka. Jiya ma ya raɗa mini cewa wannan karon da gaske za a ɗauke Shugaba. Ya ji daga mutum biyu.