Zanen Hajiya a Kife

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini haƙora, da ranar Asabar ɗin da Alhaji Mamman ya aika in zo ya gan ni. Alhaji Mamman shi ne mahaifin Balkisa, yarinyar da nake nema da aure. Mutumin Damagaram ne, mai sayar da tayoyin mota, ya daɗe da kafa gida a nan unguwarmu ta Banifandou. Balkisa ta riga ta ja mini kunne: "Baba ba ya son dogon surutu. In ya gamsu da kai, zai ce ka turo manyanka. In bai gamsu ba, zai ba ka shayi ya sa maka albarka, shi ke nan." Wato dai aurena kacokan yana rataye a zama ɗaya bisa darduma.

Ni malamin fizik ne a wata lise, wato babbar sakandare, kuma ina da ciwo guda wanda likita ba ya magani: kallon taurari. Ina da madubin hangen nesa, dogon farin bututu mai gilashi a baki, tsaye bisa ƙafa uku. Yadda nake riritarsa, wallahi ko mai jego sai ta sara mini. Ba a taɓa gilashin da yatsa, ba a goge shi da bakin riga, ba a hura masa iskar baki. Ina da 'yar robar hurawa, da ƙyalle na musamman da nake ɓoyewa cikin gwangwanin madara. In raɓa ta sauka masa, sai in bar shi a buɗe ya bushe don kansa kafin in mayar da murfi. (Wani abokin hayata ya taɓa dangwala masa yatsa bayan ya ci ƙosai. Har yau gaisuwarmu daga nesa ce.)

Abu biyu nake so mai karatu ya riƙe. Na farko, irin wannan madubin komai a kife yake nuna shi, kai ƙasa ƙafa bisa. A sararin sama wannan ba matsala ba ce, tauraro ba shi da kai balle ƙafa. Na biyu, akwai ƙaramin bututu goye a bayan babban, da shi ake laluben abin da za a kalla. Dole su biyun su dubi wuri ɗaya, kuma da rana ake saita su, a kan wani abu mai nisa wanda ba ya motsi. Ni kuma ƙafafun kaɗai nake bari a bisa lulluɓe da bargo, bututun kuwa kullum sai na hau da shi na sauko da shi, saitin ya goce. Saboda haka kusan kowace la'asar ina bisa rufin kankaren gidan da nake haya, da malafa a kai don rana, ina saiti.

Da farko wata antenar tele nake nufa, can nesa bayan layuka da yawa. Sai na sayi 'yar maƙalar da ake ɗaura salula a bakin madubin don ɗaukar hoto. Hoto kuwa yana son a gwada kaifinsa a kan abu mai ƙananan ado. Kusa da antenar nan akwai igiyar shanya, kuma masu gidan, Allah ya saka musu da alheri, ba su rabuwa da wanki. Akwai wani zane kore mai ƙananan furanni rawaya. Kai! In na ga furannin nan sun fito tar, ɗaya bayan ɗaya, na san yau wata zai ɗauku. Har addu'a nakan yi a wanke shi.

Kowa ya san al'ada, ni ma da ita aka raine ni a Maraɗi: namiji ba ya hawa bisa sai ya ɗaga murya, "Salamu alaikum, za a hau bisa!", don matan maƙwabta su kintsa. Ko mai gyaran wayar kuran, wato lantarki, ya san wannan. Ni ban taɓa yi ba. A raina cewa nake, ai ni mutumin sama ne, me ya haɗa ni da tsakar gidan mutane?

To, ranar Asabar na zuba babbar riga, na yi wanka da turare, na isa. Alhaji na zaune a zaurensa. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyayena, ya tambayi aiki, na amsa a tsanake kamar mutumin kirki. Shayi na farko ya wuce lami lafiya. Har na ga yana gyaɗa kai, na ce a raina, yau abin nema ya samu.

Sai ya gyara zama, ya kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, tunda kai mai ilimin zamani ne, bari in nemi shawararka. Akwai wani ɗan iska a kartiyen nan, cikin unguwarmu. Kullum la'asar sai ya hau bisa da wani dogon bututu, ya auna shi cikin gidana. Hajiya ce ta fara ganin ƙyallin gilashin. Yanzu ko alwala ba ta yi a tsakar gida sai da hijabi. Fuskarsa ba ta ganuwa, nisa gare shi, kuma yana rufe kai."

Mai hankali a nan zai ɗan tsaya. Bututu, la'asar, rufe kai. Amma ni gidan Alhaji ta ƙofar gaba kaɗai na san shi, kuma a tsaye, ban taɓa ganinsa ta baya a kife ba. Ga kuma zumuɗin in burge suruki. Har wani haushi na ji na gaske, wai wani banza yana ɓata wa masu kallon taurari suna.

Na ce, "Subhanallahi! Baba, wannan ai ba a yi masa tarbiyya ba. Ku kai shi komisariya wajen 'yan sanda kawai. Irin waɗannan, ko kaza bai kamata a ba su riƙo ba, balle 'yar mutane."

"Madalla," in ji Alhaji. "Taso in nuna maka gidan, ko ka san mai shi."

Ya ja ni tsakar gida, ya miƙa hannu ta saman katanga. Na bi yatsansa da ido. Can nesa, ga wani rufin kankare. Ga ƙafa uku a tsaye lulluɓe da tsohon jan bargo. Bargona. Ga malafa rataye a jikin ƙarfe. Na juyo a hankali, sai ga antena bisa kaina, ga igiyar shanya tana lilo.

Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa ya riga ya kai ƙashi.

"Ka san shi?"

"Baba... kamar na taɓa ganinsa," na ce. (Ban yi ƙarya ba. Kullum da safe ina ganinsa in zan aske gemu.)

Muka koma zaure. Na ƙudura in na fita lafiya, a daren zan canza bargo, in ƙone malafa. Ana zuba shayi na biyu sai Alhaji ya ce, "Af, Balkisa ta ce kana ɗaukar hoton wata. Mu gani mana." Ita baiwar Allah ba ta taɓa ganin bututun ba, ta ɗauka da salula kawai nake ɗaga hannu in ɗauka.

Na buɗe hoto mafi kyau na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa tabarau. "Allahu Akbar! Ji ramuka kamar hanyar ƙauyenmu da damina." Ya ji daɗi ƙwarai. Sai ya yi abin da duk wanda aka miƙa wa salula yake yi: ya sa yatsa ya ja.

Wata. Ya sake ja. Tauraron nan mai zobe. Ya sake ja. Kore, da furanni rawaya. Ya ja, kore. Ya ja, kore daga kusa. Ya ja, kore yana ɗigar ruwa. Ya juya salular ƙasa ta koma bisa, ya ƙura ido.

"Hajiya! Zo ki gani."

Hajiya ta shigo da sallama. Ban ɗaga kai ba, ƙasa nake kallo. Daga idon sawunta kuwa abin da na fara gani, furanni rawaya ne a kan kore, sun fito tar, ko saiti ba su bukata.

Ta karɓi salular ta duba. "La'ilaha illallahu! Alhaji, ai zanena ne. Ga shi ma a jikina!"

A nan ne ya kamata in faɗi ƙasa in nemi gafara. Amma shaiɗan ya tuna mini ni malami ne, sai na shiga ba da darasi. Na yi bayanin ƙaramin bututu da babba, na yi bayanin saiti, har da zana layi a iska. Da na ga fuskokinsu ba su saki ba, sai na jawo hujjar da nake ganin ita ce za ta wanke ni fes:

"Hajiya, ku kwantar da hankalinku. Ko da na gan ku, ai a kife zan gan ku, ƙafafu bisa."

Hajiya ta dafe ƙirji, ta ja hijabinta har ƙasa, ta fita da baya da baya tana salati. Daga bayan labule na ji wata dariya ta kufce aka toshe ta da hannu. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Abin mamaki, Alhaji mutum ne mai adalci. Ya bi hotunan nan kaf, bai ga mutum ko ɗaya ba, sai tufafi da antena. Ya cire tabarau ya ce, "Yaro, na yarda kai ba ɗan iska ba ne. Wawa ne kai. Shi kuwa wawa ana iya zama da shi. Ka ba Hajiya haƙuri, ka koyi sallama, ka turo manyanka."

Na fito kamar in yi rawa. Balkisa ta rako ni bakin ƙofa, idonta har da hawayen dariya. Ta ce in ba ta salular ita ma ta ga abin da ya tayar da gidansu. Ta fara ja tana dariya. Ta ci gaba da ja, dariyar tana raguwa. Ta kai ƙarshe, ta dawo farko, ta sake bi.

"Ina nawa?" ta ce.

"Naki me?"

"Hotona. Duk waɗanda na turo maka. Na sallah, na bikin ƙawata."

Gaskiya ita ce salular ta cika, hotunan wata kuma nauyi gare su, sai na share wasu abubuwa don in samu wuri. Na buɗe baki zan yi bayani, ta ɗaga mini hannu.

"Wata yana nan. Antenarmu tana nan. Zanen uwata ya fi a ƙirga. Ni ce dai babu wuri." Ta miƙo mini salular. "Kada ka wahalar da manyanka, Maraɗi da nisa."

Ta shiga ta rufe ƙofa a hankali. Na aika ban haƙuri ta bakin ƙawayenta, na je da kaina, na yi magiya, ina! Uban da nake tsoro ya yafe, uwar da na kifar ta yafe, yarinyar ta ce a'a. Abin ya yi mini ciwo sosai, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Yanzu a kan hasumiyar masallaci nake saiti, kuma kafin in taka tsani sai na ƙwala sallamar da ake ji har bakin titi. Darasin da na koya ba ya cikin littafin fizik: in salula ta ce maka ta cika, ka share wata. Shi gobe ma zai fito.