Katifar 'Yan Tagwayen Kaka

"...lafiya lau, ya aiki, ya mutanen shago? Shigo ka rufe min ƙofa, kada maƙwabta su ga irin mijin da Allah ya haɗa ni da shi."

Kaka ke nan take amsa gaisuwar da ba ta ji ba. Bakin jikanta kawai ta ga yana motsi, ta san gaisuwa ce, ta cike sauran da kanta. Tun safe ta bar ƙofa a buɗe, ta jawo kujera ta zauna tana kallonta, don ko an buga ba ji za ta yi ba. Jikan mai aski ne, dogo kamar falwaya, shi ya sa Dogo kawai take ce masa. Ya sunkuya daidai kunnenta na hagu, wanda yake da ɗan sauran rai, ya ɗaga murya.

"Tsohuwa, kin kira ni a waya kina ta magana ke kaɗai, kika kashe. Na bar mutum da rabin kai a aske na taho. Wa ya mutu?"

"'Yan tagwaye ne."

Haka take kiran na'urorin jin da ɗanta ya saya mata, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ga su can kwance a ɗan akwatin cajinsu, kan teburin keken ɗinki, tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai. Kwanan baya ɗan nata ya zo ya yi ta bugun ƙofa shiru, har ya ɗauka ta mutu, ya ɓalle sakata, ya tarar da ita tana taka keke abinta. A ranar ya yanke magana: zai saya mata na'ura, amma in aka sake buga ƙofa ba ta ji ba, to, ta tattara ta koma gidansa. Ita kuwa ɗakunan nan biyu, da kekenta, da tagar da take kallon titi, ba ta haɗa su da gidan kowa ba. Yanzu ga 'yan tagwaye sun ƙi cin caji tun shekaranjiya, ga shi yau da yamma ɗan nata yana tafe. Tsoro take ji, tsoro na gaske, sai dai ba za ta nuna wa Dogo ba.

"Au, kishiyoyina ne ba lafiya?" in ji Dogo. "Ai gara su mutu. Tun da suka zo gidan nan kike jin duk gulmar da nake yi miki."

"Gulmarka ko kurma yana jinta, bakinka kamar lasifikar tasha. Duba min su, kafin ubanka ya zo ya kwashe ni kamar tsohuwar katifa."

"In ya kwashe ki ai na huta. In samo yarinya mai haƙora."

"Wace mai haƙoran ce za ta kalle ka? Ni ma don idona ya yi rauni ne na karɓe ka."

Ya yi dariya ya durƙusa gaban soket. Ya zare cajar, ya soka ta wayarsa, wayar ta kawo haske.

"Soket lafiyarsa ƙalau. Ba ki dai ɗaure wani abu da wayar cajin ba? Na san halinki, har igiyar guga kina iya yi da ita."

"Kai ne dai za a ɗaure da ita. Wayata ko lanƙwasa ba ta taɓa yi ba."

Ya bi wayar da yatsa tun daga kai har gindi, babu karaya. Ya mayar da ita jikin akwatin, ɗan hasken bayan akwatin ya kama.

"Wuta tana shiga gidan. Masu gidan ne suka ƙi ci. Ko kin sauya musu ɗaki? Mai jan ɗigo ta dama ce, mai shuɗi ta hagu."

"Ni za ka koya wa dama da hagu? Na ɗinka hannun riga kafin a haifi ubanka. Kai ne ka yi shekara kana sa takalmi a karkace, kana tafiya kamar agwagwa."

"To bari in ga dattin kunne. Ƙila abin da kika tara tun zamanin da ake sayen gida da kwabo ne ya toshe su."

"Kunnena ya fi tawul ɗin shagonka tsabta."

Ya zaro sabon ɗan burushi daga aljihu, irin wanda yake share injin aski da shi, ya goge 'yan ƙarafan da ke gindin kowace na'ura har suka yi ƙyalli. Ya mayar da su cikin ramukansu, ya danna. Suka zuba wa akwatin ido su biyu. Kamata ya yi 'yan fitilu biyu su kama a gaba. Ko ƙyaftawa ba su yi ba.

Nan fa Kaka ta kawar da kai daga akwatin. Ta dubi keken, ta dubi taga, ta fara lissafin abin da zai shiga mota da abin da za a bari. Gidan ɗanta ba gidan wahala ba ne, Allah ya sani, surukarta ma mutuniyar kirki ce. Amma can za a zaunar da ita a kujera mai laushi, a kawo mata shayi, a hana ta taɓa ko tsintsiya, ta zama kayan ado. Idonta ya ciko, ta yi maza ta juya kamar tana neman zare.

Dogo ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

"Kada ki yi min kuka, Tsohuwa, in kin yi kuka muninki ƙaruwa yake. Saura cikin ramukan ban share ba."

Ya ciro na'urorin, ya cusa burushi cikin ramin dama, ya fara murzawa da ƙarfi irin na mai aski. Sai Kaka ta zabura ta buge masa hannu.

"Kai! A hankali, kada ka yaga min katifar!"

Dogo ya tsaya da burushi a sama. "Wace katifa?"

"Katifarsu mana."

Ya ɗaga akwatin ya kai gaban taga, ya leƙa da kyau. Can ƙasan kowane rami akwai ɗan ƙyallen karan-miski baƙi, an yanka shi daidai wa daida, an kalmashe bakinsa da ɗinki siriri, ya zauna ɗaram kamar daga kamfani ya zo da shi. Ya sa bakin allura ya ɗago ɗaya. Ga 'yan ƙarafan akwatin nan a ƙarƙashi, an lulluɓe su ruf.

"Inna lillahi! Tsohuwa, yaushe kika yi wannan aika-aikar?"

"Shekaranjiya. Kullum in na saka su sai in ji ƙwas, ƙarfe a kan ƙarfe. Abu ya wuni yana yi min aiki, ya zo kwanciya kuma a kan tsandauri? Ni ba azzaluma ba ce kamar ka."

Dogo ya zube a ƙasa yana dariya har da riƙe ciki.

"Ƙarfen nan da kika rufe ai shi ne bakinsu! Ta nan suke cin wutar. Kin shimfiɗa musu katifa kin ɗaure musu baki, kwana biyu suna kwance da yunwa!"

"Ƙarya kake."

"Saura ki ɗinka musu bargo da matashi. Ki sa musu gidan sauro."

"In ƙarya kake, sai na aske maka kai da almakashin nan."

Ya cire ƙyalle na biyu, ya mayar da 'yan tagwaye. Ƙwas. Fitilu biyu suka kama, suna ƙyaftawa a hankali. Kaka ta dafe ƙirji ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdulillahi ta sake cewa.

Ba ta yarda ta yi shiru ba dai. "Amma ka ga ɗinkin? Kai da idonka biyu ka leƙa ramin nan ba ka gane ba."

"Wannan kam na ba ki. Ɓarnar ma da gwaninta kika yi ta."

Ya dafa musu shayi suka zauna jira, yana yi mata ihu a kunne tana rama masa. Da ya ga ta sake, sai ya sassauta fuska.

"Kaka, yau na rufa miki asiri don laifin katifa ne. Amma in suka sake yin shiru, a ranar za ki kira ni, ba bayan kwana biyu ba. In kika ɓoye, da bakina zan gaya wa Baba."

Kalmar Kaka da ya faɗa ta shige ta, don ba ya kiranta haka sai magana ta kai magana. Ta gyaɗa kai. "Na ji. Wato na gani a bakinka."

Da rana ta yi sanyi ya ciro su ya miƙa mata, ya ce abin da suka ci zai kai ta dare, in ta kwanta su ƙarasa. Ta saka ta dama, ta saka ta hagu. Agogon bango ya dawo. Famfon da ke ɗiga a kicin ya dawo, da hon ɗin motoci, da muryar mai gyaran takalmi a ƙasan taga. Ta lumshe ido tana murmushi.

"TO YANZU KINA JI NA?"

"Wayyo kunnena! Rage murya, ɗan banza, gidan mutane ne nan ba tasha ba."

Ya ci gaba da surutu, wai ladansa sai ta sake shi ya auri yarinya. Ita kuwa hankalinta ya tafi wani wuri. Can ƙasan bene ta ji takun da ta sani tun yana koyon tafiya, mai ɗan jan ƙafar hagu, yana hawowa.

"Yi min shiru, kurma. Ubanka na kan matakala."

"Ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Gobe in kai ka a gwada ka, ƙila a ba mu ragi."

Ta kamo hannunsa ta danƙa masa 'yan katifun biyu, ta naɗe yatsunsa a kai tana dariya.

"Yau ka ci ni, Dogo, na yarda. Ga ladanka. Ka ajiye, daidai suke da gidan da za ka iya ginawa."

Ta miƙe ta gyara ɗankwali, ta isa bakin ƙofa ta tsaya. Ta bari sai da aka buga sau ɗaya, don daɗin jin bugun kawai, sannan ta buɗe.